Masu Shiƙa a Kufai

Ku matso kusa. Hansai, rage fitilar nan, ba karatu za mu yi ba. Mai jin fitsari ya je yanzu, don an jima ba mai raka shi.

Can arewa da mu akwai wani gari da ake kira Marken Tudu. Dawa suke nomawa, ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Sai burtuntuna ta shigo musu. Kun san ta. Zangarniya ta fito da kyanta, ka kama ka murza, maimakon ƙwaya sai baƙin gari ya cika maka tafi, kamar ka shafi gindin tukunya. Shekarar farko ta ɗan taɓa su ne kawai. Ta biyu ta cinye rabi. A ta uku, dami goma ba ya cika ƙwaryar da dami ɗaya ke cikawa a da.

Aka ci tafasa, aka ci rama, aka ci abin da ba a faɗa. Garin ya yi tsit. Aka daina jin turmi. Ko kukan mutuwa ma an rage shi. A wanke, a kai, a dawo a zauna.

To, suna da wata al'ada. Irin shukar gari gaba ɗaya, mace ɗaya ake ba ajiyarsa, kuma ba a ba mai 'ya'ya. Sun ce uwa in yaro ya yi mata kukan yunwa, za ta fasa tulu ta dafa. A wannan shekarar ba a sha wahalar zaɓe ba. Tasalla aka ba.

Mijinta Nomau shi ne Sarkin Noma, ya rasu a shekara ta biyu. 'Ya'yanta biyu, Sallau da ƙaninsa, suka bi shi cikin wata guda. Ba ta yi kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne, kukan ne bai zo ba. Tana tashi ta share tsakar gida, ta zauna har inuwa ta juya, ta sake sharewa.

Irin mudu bakwai ne. Ƙwaya-ƙwaya aka tsince shi daga zangarniyar da cutar ba ta taɓa ba, aka gauraya da toka, aka zuba a tulu, aka like bakin da laka. Yana ƙarƙashin gadonta. In ban da wannan tulun, babu ƙwayar dawa mai lafiya ko ɗaya a Marken Tudu. Damina kuma ta kawo kai.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. Duk zangarniyar da ta kamu, ba sa ƙona ta, don tsoron kada wuta ta lashe rumbuna. Ƙarfin haƙa rami kuma babu. Sai marigayi Nomau ya ce a riƙa kai ta kufai, wato tsohon garin da aka tashi daga cikinsa tun zamanin kakanni. Ba mai noma a wurin, ba mai kiwo. Maza kan haɗu da safe su kai, su zubar a wani fili mai daɓe, su juyo da sauri.

Ranar nan Tasalla ta share gindin rumbunta, ta tarar da ragowar baƙar zangarniya, ta kusa cika kwando. Ba namijin da za ta aika. Rana ta take tsaka. Ta san ba a shiga kufai a irin wannan lokacin. Ta sani sarai. Ta ɗora gammo, ta ɗauki kwandonta.

Hanyar ba kowa. Ƙasa na ƙuna. Ko ƙadangare bai gilma ba.

Tun kafin ta kai ga rusasshiyar ganuwa ta fara jin ƙarar. Shhh. A dakata. Shhh. Duk macen da ta taɓa shiƙa ta san wannan ƙarar, hatsi ne ke zuba daga ƙwarya zuwa ƙwarya.

Ta shiga.

A tsakiyar filin akwai wata mata a tsaye, doguwa, da ɗaurin ƙirji. Ta ɗaga ƙwarya sama da kanta tana zubawa. Hannayenta baƙi ƙirin har gwiwa. Abin da Tasalla ta fara lura da shi shi ne babu iska. Ganyen marke ko motsi ba ya yi. Amma baƙar ƙurar da ke fita daga ƙwaryar tana tafiya, siririya, a miƙe kamar zare, ta haye ganuwa ta nufi gari.

Tasalla ta sauke kwando. Tarbiyya ba ta barin mutum.

"Sannu da aiki," in ji ta.

"Yauwa. Kin iso."

Bakin matar ya motsa, amma muryar ba daga nan ta fito ba. Daga cikin ƙwaryar da ke ƙasa ta fito, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a cikin randa.

Tasalla ta sunkuyar da kai. A nan ta ga ƙafafun. Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.

Ta jira tsoro ya zo mata. Bai zo ba. Ta yi bismillah a zuci, matar kuma ba ta ɓace ba.

"Baiwar Allah, kin san ni ne?"

"Daga gidanku aka kira gayyar. Shekara uku ke nan muna muku aiki. Ko ruwa ba a kawo mana ba."

"Ba mu kira kowa ba."

"Nan masussukarmu ce. Wanda ya zuba dami a nan ya kira mu."

"Wannan ba hatsi ba ne. Cuta ce."

"Mun gani." Ta ɗaga ƙwaryar ta sake zubawa. Shhh. "Ɗan gayya ba ya tambayar abin da aka kawo. Mu sussuka, mu shiƙe, mu mayar wa mai shi."

"Ina kuke mayarwa?"

Matar ta nuna gari da haɓa.

Tasalla ta bi zaren ƙurar da ido. Ya bi ta kan gonar liman, ta kan gonakin bakin rafi, ta kan tata. Ta tuna yadda Sallau yake murza zangarniya yana shafa wa ƙaninsa a fuska, suna dariya, a shekarar farko.

"To ku daina," in ji ta.

"Ba a tashi daga gayya da yunwa. A ci, sannan a tashi. Ku ma haka kuke yi."

"Me kuke ci?"

"Tuwon dawa. Mai lafiya."

"Babu ita a garin."

"Akwai. Ƙanshinta na jikin zanenki."

Tasalla ta dubi zanenta.

"Nawa zai ishe ku?"

"Muna da yawa."

"In ban kawo ba fa?"

"Mu ci gaba. Ba mu da zaɓi. Ran da ruwan farko ya sauka, abin da muka shiƙe bana ya bi shi cikin ƙasa." Matar ta yi tari, baƙin gari ya fito ta hancinta. "Mu ma ya ishe mu, 'yar Adam. Namu yaran ma tari suke."

Tasalla ta ɗauki kwandonta da abin da ke ciki, ba ta zubar ba. Ta juya. Har ta fita ganuwa ƙarar na bin ta. Shhh. Shhh.

Da la'asar ta je wurin Jatau, ƙanin marigayi, wanda ya gaji sarautar noma. Ta same shi a zaure yana gyara ƙotar sungumi. Wasa ne tsakaninsu tun tana amarya, kuma ko a wannan shekarar bakinsa bai mutu ba.

"A'a, matata ce da kanta? Kin zo a ɗaura ne? Ki sani sadakin ganyen tafasa ne."

"Wa zai auri sarkin noman toka?"

Ya yi 'yar dariya, ta ƙare da wuri. Ta durƙusa a gefe ta faɗa masa duk abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Muryarta kamar mai ba da labarin tsadar gishiri.

Jatau ya ajiye sungumin.

"Rana ce ta buge ki. Yaushe rabonki da abinci?"

"Shekaranjiya."

"To kin gani."

"Na ga ƙafafunta, Jatau."

"Ko da gaske ne. Aljana ta ce ki dafa irin gari, ke kuma ki dafa? In ta cinye ta yi miki dariya fa? Me za mu shuka, tsakuwa?"

"In mun shuka, cutar na ƙasa tana jira."

"Wannan a hannun Allah yake."

"Wancan ma."

Ya dube ta.

"Tasalla, mutum ɗari uku ne a cikin tulun nan. An ba ki ne don ba ki da wanda zai yi miki kuka. Ki rantse min ba za ki taɓa shi ba."

"Yayanka ne ya ce a kai can," in ji ta. "Daga ɗakina aka kira su."

Ta miƙe. Ba ta rantse ba. Shi kuma bai iya tsayar da matar yayansa ya tilasta ta ba.

Washegari hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙi, yana tahowa a hankali. Da hantsi Tasalla ta jawo tulun. Ta ƙulle garin kuka a bakin zane. Ta ɗora tulun a ka ta bi ta tsakiyar gari, kowa na gani. Mace da tulu, wa zai tambaye ta? Wata tsohuwa ma ta ce mata, "In kin samu ki sammin." Ba wanda ya lura cewa mai zuwa rijiya wuyanta ba ya lanƙwasa haka.

A kufai ta tarar an shirya mata. Turmi da taɓarya, dutsen niƙa, tukwane biyu, duwatsun murhu, itace, randa cike da ruwa mai sanyi. Doguwar matar na can tana shiƙarta, ba ta ko waiwayo ba.

Tasalla ta fasa lakar da dutse.

Ƙanshin ya bugi hancinta. Ta zuba a turmi ta yayyafa ruwa ta fara surfe. Rabon da ta riƙe taɓarya wata biyar, amma hannu bai manta ba. Ta bakace, ta wanke, ta niƙa. Ba ta tunanin komai. In tunani ya taso sai ta ƙara danna dutsen.

Ta ɗora talge ke nan sai ta ji takun mutum. Jatau ne, yana haki. Ya leƙa ɗakinta ya ga zagayen da gindin tulu ya bari a ƙasa, ya biyo sawunta.

Ya dubi fasasshen tulun. Ya dubi garin a faifai, fari tas. Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa.

"Kin kashe mu, Tasalla."

"Wataƙila."

"Har da gwaggona. Har da jaririn gidan liman."

"Zo ka riƙe min tukunya, tana juyawa."

Ya daɗe a zaune. Sannan ya taso ya naɗe hannu da bakin riga ya riƙe. Ta tuƙa.

"Kana ganinta?" in ji ta.

"Wa?"

"Tana bayanka."

Bai waiwaya ba. Amma ya dubi hannun rigarsa. Baƙin gari na sauka a kai, a hankali, kuma babu iska.

Ta kwashe tuwon malmala-malmala ta jera a ƙore. Ta kaɗa miyar kuka, ba gishiri, ba daddawa. Ta kai tsakiyar filin ta ajiye. Ta durƙusa kamar yadda uwar gida ke yi wa 'yan gayya.

"Ga abinci. Sannunku da aiki. Allah ya saka."

Ƙarar shiƙar ta tsaya.

Shirun da ya biyo baya har kunne yake ciwo.

Jatau dai tuwo kawai ya ga yana raguwa, loma-loma, ta kowane gefe. Ya rufe ido yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Tasalla kuwa ta ga hannaye. Ba fuska, ba jiki, hannaye kawai suna fitowa daga zafin rana. Manya, masu kanta, baƙaƙe har gwiwa. A tsakaninsu akwai ƙanana. Sirara, wuyan hannun bai fi kara ba. Suna miƙowa, manyan na riga su.

Wani ɗan ƙarami ya zo a makare. Ya shafa gindin ƙwarya, ya shafa kuma. Ba komai.

Tasalla ta tashi ta koma gun tukunya. Ta kankare ƙanzo da mara, ta jiƙa da sauran miya, ta kawo ta sa masa a tafi. Yatsun suka rufe a kai. Sanyi gare su kamar ƙasan randa. Kafin ya janye, ya ɗan riƙe babban yatsanta.

Doguwar matar ta suɗe hannu ta kife ƙwaryar shiƙarta.

"Mun ci. Gayya ta tashi."

Zaren ƙurar ya tsinke. Wanda ke sama ya zubo nan cikin kufai, kamar an yanke igiyar shanya.

Ta ɗauki ɗaya daga cikin ƙoren tuwon, ta juya baya, ta juyo ta miƙa wa Tasalla. An rufe da faifai.

"Ba ma mayar da ƙwarya haka nan. Hannunki kaɗai zai shiga. Kada ki leƙa."

"Yaran sun ƙoshi?"

Matar ta juya. Ta tafi, fuskarta na gaba, yatsun ƙafarta na kallon Tasalla, har ta shige cikin rusasshen bango.

Suna kan hanyar gida ruwa ya sauko.

Jatau ne ya tsaya gaban mutane ya faɗi abin da ya faru. Wasu suka zage ta. Wata mata ta tofa mata yawu a zane. Yawancinsu ko wannan ƙarfin ba su da shi, suka dube ta kawai. Ita kuma tana tsaye cikin ruwa da ƙwaryarta a rungume. Da ta girgiza, abin da ke ciki bai fi cikin tafi ɗaya ba. Kowa ya ji ƙararsa.

"Wannan ko kaza ba zai isa ba," in ji wani.

"Ku kawo sungumi," in ji Jatau.

Da safe maza suka shiga gaba suna sara. Tasalla na biye. Ta zura hannu ƙarƙashin faifai, ta ɗebo, ta jefa, ta rufe da dunduniya. Jar dawa ce, ƙanana, irin da ba su taɓa gani ba, kuma da ɗumi take fitowa. Aka gama gonar liman. Aka gama ta bakin rafi. Duk sanda ta zura hannu, akwai. Ba ta leƙa ba. Ba ma ta ji sha'awar leƙawa ba.

Kwana tara tana tafe. Dunduniyarta ta tsage, aka ɗaure mata da tsumma. Matar da ta tofa mata yawu ita ta riƙa bin ta da ruwan sha. A kwana na tara da yamma suka iso gonarta, ita ce ta ƙarshe. Ta zura hannu ta shafa. Ƙwarya ce kawai.

"Bari a tono miki daga tawa," in ji Jatau.

"Bar shi. Wa zan ciyar?"

Dawa ta fito. Ta yi kara, ta yi ciki, ta fid da kai. Kullum da safe za ka ga mutane a gona suna murza zangarniya suna duba tafinsu. Ja. Ja. Ba baƙi ko ɗigo. Ran da aka fara jin turmi a garin, tsofaffi suka fito ƙofar gida suka zauna suna saurare kawai. Jatau ya sa aka haƙa rami nesa da rumbuna, ya ce daga yau duk abin da ya lalace a can za a ƙone shi, kuma ko kara ɗaya kada a sake kaiwa kufai.

Kowane gida ya kawo wa Tasalla dami. Rumbunta ya cika har ya ƙi rufuwa. Ta yi godiya. Aka kawo mata tuwon sabuwar dawa, ta ci loma biyu ta rufe.

Bayan sati guda, da rana tsaka, Jatau na dawowa daga gona ya gamu da ita a bakin gari. Dami ne a kanta, mai kyau, wanda ya fi kowanne. Muciya a hannu. Ta nufi hanyar kufai.

"Matata, ina zuwa?"

"Can."

"Kin san in kin zuba, kin kira su."

"Na sani."

"To don me? Gari ya ƙoshi."

"Akwai wanda ƙanzo kawai ya samu," in ji ta.

Ya ce ta jira ya ajiye fartanya ya raka ta. Ta ce to. Ya shiga gida ya fito, ba ta nan.

Mutanen gari sun je nemanta su goma sha biyu. Filin a share tas. Ba dami, ba muciya, ba Tasalla. Duwatsun murhu ne kawai, da sauran ɗumi.

Burtuntuna ba ta sake shiga Marken Tudu ba. Amma masu wucewa ta bayan ganuwa da rana tsaka sun ce har yanzu ana jin shiƙa. Sun ce yanzu ƙwarya biyu ce ke zuba, ɗaya na bin ɗaya.

Don haka ku ji ni da kyau. In aike ya kai ku ta wajen kufai, kowane kufai ne, ku jira ɗan rakiya. In babu, ku zagaya, ko da za ku kai magariba. Hansai, kashe fitilar.